Mai ƙoshi ke yi wa mushe dariya

A satin da ya wuce wani hoto ya faɗo cikin gurup ɗinmu na WhatsApp, na tsoffin ƴan lakwal ɗaya. An haɗa shi kamar bangon littafi: akuya kwance a bakin kwalta, ƙafafu sama, an rubuta a kai wai littafin girke-girken mutanen Damergu ne. A ƙasa aka jera kalolin abinci. Farfesun akuyar da kamiyo ta take. Bushiya da miyar hanza. Gasasshen damo mai shatin taya a gadon baya. Har da umarni wai a jira motar Agadas ta wuce, sannan a fito da kwano.

Fuskokin dariya suka cika gurup. Ni ma na danna ɗaya, ba zan ɓoye muku ba. Bayan kamar minti goma sai muka ga wani abokinmu, ɗan wani ƙauye ne na wajen Belbeji, ya fita daga gurup ɗin bai ce uffan ba. Da dare na kira shi. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi: "Abokina, a 2010 ina yaro shanun babana suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ni da yayana muke ɗaura musu igiya mu ja su nesa da rijiya. Sau ɗaya muke cin abinci a wuni, amma wallahi ko tsoka ɗaya ba mu taɓa ba. Yau ku da kuke cin tsire a Damagaram ku ne za ku ce mana maciya mushe?"

Ban sami amsar da zan ba shi ba a daren nan. Shi ya sa nake rubuta wannan, kuma da mu nake, matasan birni masu salula a hannu, mu da muke kiran kanmu ƴan gwagwarmaya.

Bari mu fara da inda wannan raha ta samo asali, don ba mu muka ƙirƙire ta ba. A Amurka akwai littattafan barkwanci da ake rubutawa da siffar littafin girki, ana koya wa mai karatu wai yadda zai dafa dabbar da mota ta kashe a hanya. Wanda ya fi suna shi ne na wani marubucin raha mai suna Buck Peterson, The Original Road Kill Cookbook, da ya fito a 1985, daga baya ya ƙara wasu a kansa. A wani ɗan gari mai suna Marlinton a jihar West Virginia har gasar girki suke yi duk shekara da sunan naman bakin hanya, jama'a su taru, a ci, a yi ta ƙyaƙyata. Amma ku lura da abu biyu. Na farko, ƙa'idar gasar ba ta ce sai lalle an kankaro naman daga kan kwalta ba, ya isa a ce irin dabbar da aka saba gani mota ta kaɗe ce. Na biyu, mutanen wannan yanki na tsaunuka an daɗe ana yi musu kallon ƙauyawa matalauta a cikin Amurka, sai su da kansu suka karɓe tsokanar suka mai da ita biki da kasuwa. Su ke yi wa kansu dariya, kuɗin baƙi kuma aljihunsu yake shiga.

Kuma dabbar da ake magana a can ta daji ce, ba ta da mai ita. Motoci na kaɗe irin barewarsu fiye da miliyan ɗaya a shekara, don ta yi yawa. A jihar Alaska in mota ta kashe babbar dabbar daji, hukuma na da tsarin kiran ƙungiyoyin agaji su zo su fede a raba wa mabuƙata. Wanda ya sayi littafin Peterson ya saye shi ne cikinsa cike, firjinsa cike, ya ba abokinsa kyauta su yi dariya. Ba wanda aka zaga.

To yanzu ɗauko wannan raha ka dire ta a kan hanyar Damagaram zuwa Tanut, ka ga abin da za ta zama.

A kan wannan hanya, wadda ta miƙe har Agadas, abin da mota ke kaɗewa akuyar wata tsohuwa ce, ko tunkiyar da aka ajiye don sunan jariri, ko jakin da ke ɗauko ruwa daga rijiya mai gaba talatin, wani lokaci raƙumi. Dukiyar mutum ce. A ƙauye dabba ita ce banki, ita ce kuɗin magani in yaro ya kwanta, ita ake kaiwa kasuwa a auno tiya goma ta hatsi in rumbu ya ƙare. Duk wanda ya taɓa bin hanyar ya san abin da ke faruwa in babbar mota ta buge dabba: mai ita ya sheƙo da wuƙa a hannu, yana addu'a ya iske ta da sauran rai ya yanka. In ya makara, shi ke nan, an yi asara biyu, ba dabba ba nama. Direba kuwa sau da yawa ƙurarsa kawai ake hange. Wannan mutumin da ke gudu da wuƙa don kada dabbarsa ta zama mushe, shi ne hoton ya mayar maciyin mushe. Ka ga ƙarya ta kai ƙarya.

Kalmar mushe a wurinmu ba abin wasa ba ce. Aya ta 3 a Suratul Ma'ida ta lissafa dabbobin da aka haramta, ciki har da wadda bugu ya kashe da wadda ta faɗo ta mutu, sai fa wadda aka riska aka yanka. Ɗalibin da ya karanta Risala a zaure ya san malaman Malikiyya sun ƙara tsanantawa: in bugun ya riga ya lalata wuraren da dabba ba ta rayuwa in sun lalace, yanka ba ya halatta ta. Ya kuma san an yi rangwame ga wanda yunwa ta kai shi bakin mutuwa. Saboda haka in ka ce wa Musulmi maciyin mushe, ɗaya cikin biyu kake faɗa: ko dai ba ya kiyaye addininsa, ko kuma yunwa ta kai shi inda shari'a ta ɗauke masa alƙalami. Na farko ƙazafi ne. Na biyu kuwa, in da gaskiya ne, abin kuka ne da neman gafara ga duk wanda ya kwana da ƙoshi a ƙasar.

Sai batun hanza, wadda mai hoton ya sa a miya don a yi dariya. Ɗan birni ya ji an ce hanza sai ya tuna yunwa kawai. Bai san aikin da ke cikinta ba. Ƴaƴan nan ɗaci gare su kamar maɗaci, sai an ɓare, an jiƙa kwana da kwanaki ana sake ruwa, kafin su ciyu. Wannan ilimi ne da kakanninmu mata suka gano suka riƙe, ya tsallakar da garuruwa a shekarun da gero ya ƙi. Haka jiga, haka aduwa, haka ƙwayar ƙarangiya. Tun ƙarshen shekarun 1980 gidauniyar Eden ke da filin gwaji a Dalli, kusa da Tanut, tana aiki da manoma a kan itatuwan daji masu ba da abinci ba tare da ban ruwa ba. A cikin birnin Damagaram kamfanin Sahara Sahel Foods na sarrafa hanza ya sa a leda ya sayar. Ranar da aka buga mata tambari da Faransanci aka jera ta a babban kanti a Yamai, mu ɗin nan ne za mu saya mu ɗauki hoto mu ce cimakar gargajiya. A hannun matar ƙauye ne kawai take abin kunya.

Kuma wai Damergu ake yi wa gorin abinci! Ku koma tarihi. Baturen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ratsa Damergu a watan Janairun 1851, ya iske ƙasar hatsi ce wadda ke ciyar da Abzin. Ayarin raƙuma daga arewa nan suke sauka su yi awo. Daga nan gashin jimina ke bin hanyar Sahara har Tarabulus. Yau ma matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a watan Nuwamban 2011, a ƙaramar hukumar Ollelewa take, cikin gundumar Tanut. Man da ka zuba wa moto ka tafi fada ka zauna kana tura hoton, akwai yiwuwar daga ƙasarsu ya fito. Ragon layyarka ma ka tambayi dillali daga wace kasuwa aka ɗauko shi.

Na san abin da za a ce mini, don an riga an faɗa a gurup: "Kai dai ka cika zafi, wasa ne." Wani ma ya kawo hujjar wasan taubasai, ya ce ai mu ƴan Nijar da tsokana aka san mu, har UNESCO ta sa wannan al'ada tamu cikin gadon duniya a 2014. Gaskiya ne, kuma ina alfahari da ita. Amma duk wanda ya taso cikin wasan ya san dokarsa. Bafillace ya tsokani Babarbare, Babarbare ya rama nan take, ido cikin ido, a tashi ana dariya, in ɗaya ya shiga uku ɗayan ne farkon zuwa. Wasa ne tsakanin mutum biyu da kowanne ke da baki. Wannan hoton fa? Wa zai rama? Tsohuwar da aka kashe wa akuya ba ta cikin gurup, ba ta da salular da ke buɗe hoto, wataƙila ƙauyensu ko rezo babu. An yi mata dariya a bayan idonta, a wurin da ba ta da hanyar shiga. Wannan sunansa gulma da wulaƙanci, ko da an yi masa ado da launi.

Wani kuma zai ce to me hoto ɗaya zai ɓata? Ga abin da yake ɓatawa. Ranar da ka saba ganin yunwar wasu mutane a matsayin halinsu, ranar ka daina ganinta a matsayin matsala. Sai ka ji an ce mutanen wani ƙauye sun koma cin hanza tsagwaronta tun watan Maris, ka ɗaga kafaɗa ka ce ai su dama sun saba. Mun taɓa ganin inda wannan tunani ke kai ƙasa. A 2004 fara ta sauka, ruwa ya ɗauke da wuri. A 2005 yara suka riƙa mutuwa a jihohin Maraɗi da Damagaram, ƙungiyar likitocin MSF kaɗai ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa a wannan shekara. A cikin watan Agustan nan ne shugaban ƙasa na lokacin, Tandja Mamadou, ya shaida wa BBC cewa ba yunwa a Nijar, mutane ma da alamar ƙoshi a jikinsu. A watan Maris na shekarar kuwa ƙungiyoyin farar hula ne suka cika tituna don ƙin harajin da aka ɗora wa kayan masarufi, har aka kulle jagororinsu. Mu magadan waɗancan ne ko magadan masu musun yunwa? Kafin nan, a watan Afrilun 1974, yunwa da yadda aka yi da kayan agaji na cikin dalilan da sojoji suka bayar na kifar da gwamnatin Diori Hamani. Tsofaffinmu har suna suke sa wa shekarun yunwa, kamar El-Buhari ta 1984, don kada a manta. Su sun sa mata suna don tsoro, mu mun sa mata hoton dariya.

Akwai kuma haɗarin da ya shafi cikinka kai ɗan birni. Naman dabbar da ta mutu da kanta na iya ɗauke da ciwon saifa, wanda ke kama mai fiɗa da mai ci. A 2016 zazzaɓin kwarin Rift, da ake ɗauka daga jini da naman dabbobi marasa lafiya, ya kashe mutum sama da 30 a yankin Cintabaraden da Tasara na jihar Tawa. Makiyayi ya san dabbarsa, ya san wadda ta yi ciwo. Kai da ke tsayawa gaban tukuba ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ka taɓa tambaya ko naman ya bi ta mahauta, ko likitan dabbobi ya buga masa hatimi? In akwai wanda ke iya cin mushe bai sani ba a ƙasar nan, ya fi kusa da zama mai tura hoton. Laifi tudu ne.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce a daina raha ba. Ƙasar da ba a dariya a cikinta kurkuku ce. Abin da nake cewa shi ne a duba inda aka auna bakin bindigar. A 1729 wani limamin coci a Dublin, Jonathan Swift, ya ga yadda yunwa ke cin talakawan Ailan, sai ya rubuta ƴar ƙasida da muryar mai ba da shawara cikin natsuwa, wai mafita ita ce talakawa su riƙa sayar da jariransu attajirai su dafa, har da bayanin yadda za a gasa. Kusan shekara 300 ke nan ana karanta ta, domin ba talakan ya yi wa dariya ba. Masu gonaki da masu mulki ya tsiraita. In muna son littafin girkin naman daji na barkwanci, muna da kayan haɗi a gida, sai dai mu rubuta shi a kan waɗanda suka cinye dajin da gaske.

Domin an cinye shi. Jiminar da Damergu ke sayar da gashinta, yau in kana son ganin irinta sai ka je Kelle a gundumar Gure, inda ake kiwonta cikin shinge don kada ta ƙare. Mariri, farar dabbar nan mai dogayen ƙahoni kamar takobi, a shekarar 2000 aka ayyana ta ƙare a dajin duniya baki ɗaya, sai a 2016 aka fara mai da ita daji a Chadi daga waɗanda aka kiwata a ƙasashen waje. A gabas da mu, gandun Termit da Tin Tumma da aka kafa a 2012 shi ne mafakar ƙarshe ta adaks, farar dabbar hamada mai murɗaɗɗen ƙaho. A 2016 masu bincike suka zagaya yankin ta sama da ta ƙasa, guda 3 kacal suka gani, kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta danganta abin da ayyukan haƙar mai da farautar masu bindiga da ke gadin wuraren. Shekara da shekaru kuma attajiran ƙasashen Larabawa na zuwa Sahel da jerin motoci da shahuna farautar tuji. Yaron ƙauye mai gora da kare bai ƙarar da jimina ba. Fari ya yi nasa, amma mota da bindiga su suka ƙarasa aikin. Muna da doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilun 1998 a kan farauta da kare namun daji. Wa take kamawa? Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

To ga shafin farko na littafin da ya kamata mu rubuta, kyauta na ba ku.

Barewa irin ta manya. Kayan haɗi: kat-kat biyu masu baƙin gilas, fitila mai kashe ido, bindiga ɗaya, firji a bayan mota, da lambar wayar wani babba. Yadda ake yi: a jira dare ya raba. A bi barewa da mota har numfashinta ya ƙare, don naman ya yi taushi. In jami'in gandun daji ya tsaida ku, a miƙa masa waya ya gaisa da babban, zai huce nan take. A dafa a gidan da ke da doguwar katanga don ƙamshi kada ya fita. A ci da dare, a wanke hannu da sabulu. Da safe a sa babbar riga a tafi bikin ranar muhalli, a dasa icce ɗaya gaban kyamara, a ja kunnen talakawa su daina ɓarnar daji.

Wannan in kun tura shi, wanda ya ji zafi yana da bakin ramawa, yana da lauya ma. Shi ya sa tura shi ke buƙatar ƙarfin hali, wancan kuwa danna yatsa kawai yake buƙata.

Bayan dariya kuma akwai aiki. Dokar makiyaya ta 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne. To mu tambayi magadan gari na Tanut, Ollelewa, Gangara, Falenko, Tenhiya da Tarka: a ina burtali ya ratsa kwalta, kuma akwai allon gargaɗi a wurin? Ƙauyukan da ke bakin hanya da kasuwanninsu, an yi musu abin rage gudun motoci? In mota ta kashe dabba, wace ƙofa mai ita zai buga, kwana nawa zai jira, nawa zai kashe kafin a saurare shi? Mu nemi ma'aikatar muhalli ta riƙa bayyana wa jama'a takardun izinin farauta da take bayarwa, wa aka ba, a wane daji, nawa ya biya. In an ce OPVN ta fito da hatsin rahusa, ƴan uwanmu da ke can su ƙirga buhunan da suka isa ƙauye, mu kuma mu buga a wannan shafi. In labari ya zo cewa rumbuna sun ƙare tun kafin bazara, mu ɗaga murya tun ranar, kada mu jira sai baƙi sun zo da kyamara sun nuna mana yaran ƙasarmu. Kullum muna cewa zancen ƙasa ne. Damergu ma ƙasa ce.

Wanda ya haɗa hoton ban san shi ba, kuma ba na neman a zage shi. Yana da basira, hannunsa ya iya aiki. Ina gayyatarsa ya zo mu haɗa shafi na biyu tare, a kan manya. Ku da kuka tura, ku goge, kuma ku faɗa a gurup ɗin dalilin gogewar, don gogewa a ɓoye ba ta koya wa kowa komai.

Ni dai na koma na cire fuskar dariyar da na danna, na rubuta ban haƙuri a inda na yi laifin, gaban kowa. Abokina bai dawo gurup ba har yanzu. Ya dai ce in an yi girbi in zo Belbeji, innarsa za ta dafa mini hanza in ɗanɗana, in ga ko abin dariya ce. Na ce masa ina nan tafe, in Allah ya kai mu.